Aubrey da Hester, Manoman Urzal

Shekarar da na yi aure suka iso Urzal, bayan an gama babban yaƙi da 'yan shekaru. Ina wanki a bakin marmaro tare da matan unguwarmu, sai muka hango mutum biyu suna hawowa ta hanyar alfadarai, domin a lokacin mota ba ta isowa ƙauyenmu, a gindin tsauni take sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa. Namijin dogo ne, rana ta ƙona masa fuska ta yi jawur, yana ɗauke da akwatin katako a kafaɗa. Matar gajeriya ce mai tabarau, sanye da takalmin maza. Takalmin muka fara kallo kafin mu kalli fuskarta.

Suka tsaya. Matar ta gaishe mu da harshenmu, amma a karkace, ta ce gidan mahaifiyar Serafim suke nema.

Serafim ɗan Ti Custódia ne, shi kaɗai ta haifa. Tun kafin yaƙi ya tafi Faransa neman aiki, daga nan labarinsa ya ɗauke. Da yake katanga ɗaya ta raba gidan mijina da nata, sai matan suka ce, "Deolinda, tashi ki raka su." Na tsame hannuna daga ruwa na shige gaba.

Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗa ulu. Mutumin ya cire hularsa, ya ajiye akwatin a gabanta, ya fara magana a hankali, matarsa tana juya mata. Sunansa Aubrey Pennock, matarsa Hester, daga arewacin Ingila suke. Bayan yaƙi ya yi aikin tuƙa motar agaji a Faransa, a can ya tarar da Serafim kwance a wani asibiti da tarin fuka, ba mai zuwa duba shi. Ya riƙa zama da shi duk sanda ya tashi aiki. Serafim ba shi da hira sai ta Urzal, da uwarsa, da fadamarsu ta bakin rafi. Da ya ga ba zai tashi ba, sai ya roƙe shi ya kawo kayansa gida. Sai yanzu hali ya yi.

Ti Custódia ta buɗe akwatin. Akwai rigar sanyi, da askar aski, da takalmin katako irin namu wanda ya tafi da shi daga nan. Ta ɗauki rigar ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, abu ɗaya ta tambaya.

"Ya ci abinci kafin ya mutu?"

Aubrey ya ce ya sha romo, shi ya ba shi da cokali.

Ta gyaɗa kai. Ta miƙe ta shiga ciki, ta ɗora tukunyar miyar kabeji, ta yanka musu burodi.

Sun zo ne da niyyar su yi 'yan kwanaki su koma. Amma lokacin yankan ciyawa ne, kowane gida yana fadamarsa, ta Ti Custódia ce kaɗai a tsaye, don ba ta da namiji. Washegari Aubrey ya ga dogon laujen Serafim rataye a bango ya yi tsatsa. Ya sauke shi, ya wasa, ya gangara. Mazan gari suka bar nasu aikin suka jingina da katanga suna kallo, suna jiran su yi dariya. Ba su samu abin dariya ba. Ɗan makiyaya ne, a gonar ubansa ya tashi, yana yanka a natse kamar mai tuƙa kwalekwale. Da aka gama ciyawa aka shiga girbin baƙar alkama, aka shiga haƙar dankali, sai dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya. Da bazara ta buɗe ta, ba su yi maganar tafiya ba, tsohuwar ma ba ta tambaye su ba.

Sai bayan shekaru Hester ta gaya mini dalilin da ya sa ba wanda ke jiransu a can. Su 'yan wata ƙaramar ɗarika ce ta Kirista, ba su da fada, wato limamin coci, ba sa yin baftisma, kuma ba sa ɗaukar makami ko a kan wa. Da yaƙi ya zo Aubrey ya ƙi riƙe bindiga, ƙanensa ya riƙe, ƙanen bai dawo ba. Ubansu ya ce ɗa ɗaya ya haifa, shi ne wanda ya rasu a yaƙi. Har tsohon ya koma ga Allah bai sake furta sunan Aubrey ba.

Mutanen Urzal ba su karɓe su da wuri ba. Ti Zeferino, wanda ke jagorantar taron gari duk Lahadi bayan an fito coci, ya ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, baƙo raɓa ne, hantsi na yi zai bushe. Sunan Aubrey ya gagari bakinmu, sai maza suka raɗa masa Dogo. Ita kuma muka riƙa ce mata Dona Ester, irin kiran da muke wa matar likita ko matar alƙali, girmamawa ce amma daga nesa. Ti, wato kawu ko gwaggo, sai namu na gida.

Zeferino ba ya wuce shi bai tsokane shi ba.

"Kai Dogo, an ce a ƙasarku shanu ma shayi suke sha, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Ti Zeferino. Shi ya sa ba sa faɗa da maƙwabta."

"To namu giya suke sha, ka yi hankali da su."

A lokacin sanyinsu na biyu Aubrey ya yi abin da garin ya daɗe yana ba da labari. Gidajenmu hawa biyu ne, shanu a ƙasa, mutane a sama. Ya ce wannan ba lafiya ba ce, ya gina wa shanun tsohuwar rumfa can gefe ya kwashe su. Da sanyi ya kankama, ɗumin da ke tasowa ta tsakanin katakon ɗaki ya ɗauke, ruwa ya daskare a cikin tulu. Ti Custódia ta naɗe bargonta ta dawo gidanmu, ta ce ba za ta mutu a kan tsafta ba. Zeferino ya same shi a hanya yana kora shanun suna komawa, ya ce, "A'a, Dogo, an yi biko ke nan?" Aubrey ya yi dariya har da hawaye. Daga baya ya haƙa magudana a ƙasan turken, ya yanka taga, warin ya ragu, ɗumin bai tafi ba. Wannan kam gidaje da yawa sun kwaikwaya.

Tun daga nan bai sake gaya wa kowa yadda zai yi da gonarsa ba. In yana da sabon abu, sai ya raba gonar bakin hanya biyu, ya yi shi a rabi, ya bar rabi yadda aka saba, kowa ya gani da idonsa in zai wuce. Haka ya yi da garin farar ƙasa da ya ɗauko a bayan alfadari ya barbaɗa a fadama, ana cewa Ɗan Ingila ya haukace yana ba ƙasa gishiri. Haka ya yi da zaɓen irin dankali, da wankan tumaki da magani. Wasu sun yi kyau, wasu sun lalace a gaban kowa, bai ɓoye ba. Farar ƙasar ce ta fi cin nasara, ciyawar wannan rabin ta fito kore shar har ƙugu. Wata rana Zeferino ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Ba ni ke tambaya ba fa, surukina ne yake son jin inda ake samun garin nan." A taron Lahadin da ya biyo baya aka sa sunan Dogo cikin masu karɓa-karɓar kiwon garken gari, aka kuma ba shi ranarsa ta ciyar da bijimin gari, wanda dukanmu muka mallaka tare. Ba a yi wani jawabi ba. An dai kira sunansa a jerin, ya amsa.

Hester malamar makaranta ce a ƙasarsu. Makarantar da ta fi kusa da mu tana wani ƙauye a bayan tsauni, maza kaɗan ne ke zuwa, mata kuwa ba a ma zancen. Ni kaina da yatsa na dangwala a takardar aurena. Ba ta buɗe aji ba, ba ta kira kowa ba. Ɗakin tanderun gari, inda muke gasa burodi bi da bi, shi ne wuri mafi ɗumi a Urzal, a nan mata ke zama suna jiran ƙullu ya tashi. Ran nan ta barbaɗa gari a kan katakon murji, ta shafe shi da tafin hannu, ta ja wani abu da yatsa.

"Deolinda, kin san wannan?"

"Rabin burodi ne, Dona Ester."

Mata suka kwashe da dariya. Ta ce, "To rabin burodin nan shi ne farkon sunanki."

Haka muka fara. A kan gari muka koyi baƙaƙe, in mun ɓata mu shafe mu sake, in an gama a tattara garin a zuba a ƙullu, ba a asarar komai. Daga baya ta samo alluna, yara suka riƙa zuwa gidanta da safe kafin su fita kiwo.

Fada Firmino, limamin cocinmu, bai ji daɗi ba. Ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar ɗakin tanderu ya ce, "Uwargida, da wane littafi kike koya wa mutanena karatu?" Ta ce ba ta da littafi ko ɗaya a harshenmu, in yana da shi ya taimaka. Ya tsaya yana kallonta, ya juya ya tafi. Da aka kwana biyu sai ga shi da littattafan koyon addini na cocinsa a hammata. Da su matar da ba ta taɓa durƙusawa a cocinmu ba ta koya mana karatu. Sau ɗaya wasu jami'ai biyu suka hawo daga birni, wai an ce ana tara mutane ba da izini ba. Kafin su sunkuyo su shigo, kowace mace ta goge katakon gabanta da hannu. Ti Custódia ta ce, "Burodi muke yi, 'ya'yana. Shi ma sai da izini?" Aka ba su mai zafi suka ci, suka koma.

Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Da Allah ya kawo, mace ce, Ti Custódia ce ta karɓi haihuwar, suka sa mata suna Ilda. Yarinya ce mai farin gashi kamar zaren masara, amma bakinta namu ne tsaf. Tare suka tashi da ɗana Horácio. Ita ke gyara wa ubanta magana a gaban mutane, ta ce, "Baba, ba haka ake faɗa ba, kana ba ni kunya."

Ba ta kai shekarun fita kiwo ba mashaƙo ya shigo garin, a tsakiyar sanyi, ƙanƙara ta rufe hanyar alfadarai har ba a gane inda take. Yara suka fara kwanciya gida bayan gida, maƙogwaro ya toshe, numfashi yana fita da ƙara kamar ana zarto. Hester ta san ciwon tun a ƙasarsu, ta ce akwai allurarsa, amma sai a birni. Aubrey ya ɗaura buhu a ƙafafunsa, ya ɗauki sanda, ya fita. Lokacin da ya tafi Ilda lafiyarta ƙalau, har ta raka shi bakin gari. Hester kuwa ta riƙa zagaya gidaje, tana tafasa ruwa ta sa yara su shaƙi tururi, tana raba masu ciwo da masu lafiya. Sai ga Ilda ita ma ta kwanta. Ko daga jikin uwar ta ɗauka, ko tun da can yana jikinta, Allah kaɗai ya sani. Na san dai Hester ta rayu da wannan tambaya har ƙarshen ranta.

Ciwon bai ja lokaci da Ilda ba. Da safe ta cika, a cinyar uwarta. Da rana tsaka muka hango Aubrey yana hawowa, yana jan alfadari, wani matashin likita a kai, dukansu sun yi fari fat. Maza suka taru a bakin gari, aka rasa mai faɗa masa. Zeferino ne ya matsa ya cire hularsa. Aubrey ya dube shi, ya dubi hular, ya gane. Ya tsaya riƙe da igiyar alfadarin, leɓɓansa duk sun tsage. Can ya ce, "Gidan wa ya fi tsanani?"

Gidana ne. Horácio ya riga ya fara yin baƙi. Aubrey ya kawo likitan har ɗakina, ya riƙe ɗana aka yi masa allura, suka wuce gida na gaba, da na gaba. Sai da suka gama zagaye garin sannan ya shiga nasa gidan. Yau Horácio yana da jikoki a birnin Lyon na Faransa.

Sai maganar binnewa ta taso. A bayan katangar maƙabartarmu akwai wani lungu mai ƙaya, nan ake sa wanda ya mutu ba baftisma. Fada Firmino ya zo gidan, fuskarsa kamar toka, ya ce, "Dokar ba tawa ba ce. Da tawa ce, da na karya ta yau." Aubrey ya ce ba komai, ƙasa duk ta Allah ce. Hester tana zaune tana taje gashin yarinyar.

Ti Custódia ta dogara sandarta ta miƙe.

"Fada, wa ya ce maka ba a yi mata ba? Ni na karɓe ta. Ta faɗo ba numfashi, na ɗauka tafiya za ta yi, na ɗebi ruwa na zuba mata a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda aka koya wa kowace ungozoma. Ban gaya wa iyayenta ba don kada ransu ya ɓaci."

Ina ɗakin ranar da aka haifi Ilda, ni na riƙe fitila. Da kuka ta faɗo, kukan da aka ji har gidan Zeferino. Amma an aike ni ɗebo itace na ɗan lokaci, don haka ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Fada ya daɗe yana kallon tsohuwar, ita ma tana kallonsa ba ta ƙifta ba. Ya ce, "To, tamu ce." Aka binne ta a wurin da Custódia ta tanada wa Serafim, kusa da mijinta.

Hester mace ce da ba ta yin ƙarya ko da wasa, ba ta kuma son a yi dominta. Bayan kwanaki na ji ta ta katanga tana tambaya, "Mama, abin da kika faɗa wa Fada, ya faru?" Tsohuwar ta ce, "'Yarki tana kwance cikin mutane. Ki sha romonki ya huce." Ba ta sake tambaya ba.

Kowa ya ɗauka da hanya ta buɗe za su tafi. Hester ta daina zuwa ɗakin tanderu, ta daina karɓar yara, in ka gaishe ta sai ta dube ka kamar daga ƙetaren rafi. Ni na riƙa gasa musu burodi. Har aka yi shuka, har dankali ya yi fure. Wata safiya muna zaune muna jiran ƙullu, sai ƙofa ta yi duhu, ta shigo, ta rame har tabarau na zamewa a hancinta. Wata tsohuwa ta matsa ta share mata wuri a kan benci, ta ce, "Zauna nan, Ti Ester, ya fi ɗumi." Ta zauna. Ta jawo katako, ta barbaɗa gari, ta ce, "A ina muka tsaya?" Ba ta kai shekarun da ake kiran mace Ti ba, amma ba wanda ya sake ce mata Dona.

Aubrey kuwa hanya ya sa a gaba. A kowane taron Lahadi sai ya tashi ya ce a haƙa hanyar da mota za ta iya hawowa, kada a sake rasa yaro saboda nisa. Ya yi ta sintiri zuwa birni har aka ba da izini da nakiyar fasa dutse, aka ce ƙarfin aikin kuma namu ne. Shekaru aka yi ana yi, da diga da shebur da amalanken shanu, duk sanda aikin gona ya lafa. Shi ke fara zuwa, shi ke tashi a ƙarshe. Ranar da motar farko ta shigo Urzal an kaɗa ƙararrawar coci, an yanka alade, Zeferino ya sha ya bugu har ya rungume shi.

Likita ya riƙa zuwa. Amma motar da ke kawo shi ba ta komawa fanko. Samari suka fara bin ta, wasu don gudun yaƙin da ƙasarmu ke yi a Afirka, wasu don gudun talauci, su tsallaka iyaka a ɓoye su nufi Faransa. Mijina Amândio yana cikinsu. Wata rana na tarar da Aubrey zaune a kan katangar bakin hanya yana kallon ƙurar mota, ya ce mini, "Deolinda, na yi hanya don a shigo, ashe ƙofar fita na buɗe." Na ce masa da hanya da babu hanya, mai jin yunwa zai fita. Ya ci gaba da kallon ƙurar.

Shi da Hester ba su hana kowa tafiya ba. Hester ta iya Faransanci, sai ta riƙa tara masu shirin tafiya tana koya musu yadda za su nemi aiki, yadda za su ce ba su da lafiya, yadda za su karanta takarda kafin su sa hannu. Aubrey kuma ya ɗauki garmarsa da shanunsa ya riƙa bin gonakin matan da aka bari, ya nome wannan ya wuce waccan, tasa ce ta ƙarshe. In ka yi masa godiya sai ya ce shanun ne ke son motsa jiki. Mu kuma da wasiƙun mazajenmu suka fara zuwa, ba mu kai wa Fada ya karanta mana ba kamar yadda iyayenmu suka yi. Amândio ba gwanin magana ba ne, amma akwai abubuwan da ya rubuto mini da ba zan so in ji su daga bakin limami ba.

Ti Custódia ta rasu a hannun Hester, ta bar musu gidan da gonakin. Zeferino ya bi ta, Fada Firmino ma. Amândio ya dawo da ƙurar siminti a huhunsa, bai daɗe ba. Horácio ya tafi Faransa ya maye gurbinsa. Garken gari ya yi ta raguwa har aka sayar da bijimin, don babu masu ciyar da shi. Gwamnati ta gina makaranta a Urzal, ba a jima ba ta rufe ta, saboda babu yara. Su biyun suna nan, gashi ya yi fari, Aubrey ya ranƙwafa har Dogon ya zama suna kawai.

A lokacin haƙar dankali ya rasu. Muna gona tare, ya ce bari ya ɗan huta, ya je ya jingina da katanga yana fuskantar rana. Da Hester ta kai masa ruwa ta tarar ya tafi, da ƙasa a hannunsa. A wannan karon ba wanda ya tayar da maganar inda za a sa shi. Abu ɗaya ta roƙe mu. Ta ce a ɗarikarsu ba a waƙa ba a huɗuba, tsayawa ake yi shiru, in da wanda zuciyarsa ta ba shi magana ya faɗa. Mu matan Urzal da kururuwa muka saba raka gawa, mu kira sunan mamaci mu lissafa alherinsa. Muka tsaya a bakin kabarin muka haɗiye. Ban taɓa sanin shiru ya fi kuka wuya ba sai ranar. Ana jin ƙararrawar wuyan shanu daga kwari. Can ɗan Zeferino, wanda shi ma ya tsufa, ya yi gyaran murya ya ce, "Bai taɓa barin ruwansa ya kwana a gonar wani ba, bai taɓa tare na wani ba." A wurinmu, inda aka sha zubar da jini a kan rabon ruwan rafi, babu yabon da ya fi wannan.

Hester ta yi shekaru fiye da goma bayansa. Idonta ya yi yana, sai na riƙa zuwa da yamma ina karanta mata jarida, tana tsayar da ni in na yi gudu, ta ce, "Akwai aya a nan, Deolinda, ki numfasa." Wata 'yar ƙanwarta ta zo daga Ingila ta tafi da ita, aka yi mata aikin ido, aka ba ta ɗaki mai ɗumi da lambu. Na yi kuka na rufe gidan, na ɗauka shi ke nan. Kafin a yi shuka sai ga motar haya ta sauke ta a bakin marmaro da jakarta. Na ce, "Ti Ester, me ya dawo da ke cikin wannan sanyi? Ba su kula da ke ba ne?"

Ta ce, "Sun kula da ni sosai. Amma a can ba wanda ya san na taɓa haihuwa."

A shekararta ta ƙarshe jini ya hau mata ka, gefe ɗaya ya shanye. Da bakinta ya buɗe, harshenmu da ta yi fiye da shekara hamsin tana magana da shi ya gudu gaba ɗaya, Ingilishi kaɗai ya rage. Na dawo da ita gidana. Takan riƙe hannuna ta yi ta ba ni labari, wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta yi tambaya ta jira amsa. Ko kalma ɗaya ban gane ba, sai sunaye in sun gifta. Nakan ce, "Haka ne, Ti Ester," sai ta gamsu ta ci gaba. Ban san abin da na amince da shi ba a waɗannan watanni.

Ta rasu a ƙarshen sanyi, da hantsi, bayan na ba ta madara. Da muka duba, duk garin ba namiji mai ƙarfin haƙa kabari, ƙasa kuma ta daskare. Akwai wasu leburori 'yan Yukren da ke gyaran kwalta a ƙasan tsauni, na gangara na same su, na nuna musu da hannu. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai shekaru kamar na Horácio, ya saɓi digarsa ya biyo ni. Ya haƙa shi da kyau, ya daidaita gefunan. Ya tsaya da mu har aka gama, hularsa a hannu, ya yi alamar gicciye irin tasu, daga dama zuwa hagu.

Na kai shi gida na zuba masa miya. Yana ci sai ya nuna wajen maƙabarta da cokali, ya nuna ni, ya haɗa yatsunsa biyu, da 'yar kalmar da ya iya ya ce, "'Yar'uwa?"

Bayanin yana da tsawo, kuma ba mu da harshen da za mu yi shi. Na gyaɗa masa kai, na ƙara masa burodi.